Bankok Ba Pratunam Kaɗai Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana 'yan kasuwa masu zuwa ƙasar Tailan saro kaya, musamman mutanenmu na Kantin Kwari da Sabon Gari, da na Maraɗi da Damagaram. Ni mazaunin Bankok ne. Sana'ata ita ce in karɓi saƙo daga gida, in zaga kasuwa in saya, in kai wa masu kago su ɗora. Saboda haka duk wanda ya sauka daga wajenmu da wuya ban gan shi ba, kuma na san yadda kwanakinsa ke tafiya. Daga filin jirgi sai otal a Pratunam, unguwar kasuwar tufafi. Daga otal sai shaguna, daga shaguna sai ofishin kago. Da dare a gangara layin Larabawa da ke Nana a ci shinkafa da naman rago, a dawo a yi lissafi a kwanta. Ranar tafiya ta zo a ɗaure jaka. Akwai wanda ya shafe shekaru yana wannan zirga-zirga, amma kogin Chao Phraya da ya raba garin biyu bai taɓa sa shi a ido ba.

Ban ga laifin kowa ba. Bizar Tailan ba ta samuwa cikin sauƙi ga ɗan Najeriya, sai ya haɗa da takardar wanke kai daga hukumar NDLEA. Kuɗin da ke aljihun mutum sau da yawa amanar mutane ne, ba ya son ya ɓata ko kwabo a abin da ba saye ba. Ga tsoron naman alade a abinci, ga gumaka a kowace kusurwa. Ga kuma sunan da masu safarar ƙwaya suka ɓata mana, har mutumin kirki ya gwammace ya lafe a ɗaki kada a tare shi a hanya. Duk waɗannan dalilai ne na gaske. Amma ina ganin muna tafka asara, kuma asarar har da ta kasuwanci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kwanakin baya Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo saye. Dattijo ne da ya tsufa a harkar yadi. Masu kago suka ce kayansa ba za su tashi ba sai Litinin, ya rasa abin yi. Na ce masa, "Kawu, ka ba ni Asabar da Lahadin nan." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina za ka kai ni? Ka sani ni ba na shiga ɗakin gumaka." Na yi masa alkawari ba inda zan sa shi ya taka da zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Da safiyar Asabar muka sauka ƙarƙashin gadar Pratunam muka shiga kwalekwalen inji na magudanar Saen Saep. Duk mai zuwa kasuwar Bobae ya san wannan ruwan, baƙi ne, yana wari, ana jan leda a gefe don kada ya fantsamo wa mutum a riga. Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, tsakanin Pratunam da Bobae kwalekwalen yana wucewa ta gaban wata tsohuwar unguwar Musulmi mai suna Ban Khrua. A nan muka sauka.

Mutanen unguwar asalinsu ƙabilar Cham ne, daga yankin Kambodiya da Biyetnam. Kakanninsu sun taya Sarkin Tailan, Rama na Ɗaya, yaƙi da Bama a ƙarshen ƙarni na 18, Bama ɗin nan dai da kakanninmu suka je yaƙi a zamanin Turawa, shi ne aka ba su wannan fili suka zauna. Lunguna ne matsattsu, mutum biyu ba sa jerawa. Gidajen katako ne, wasu sun jingina da juna. Mata sanye da hijabi suna soya waina irin tasu a bakin ƙofa. Kafin mu ga masaƙar mun ji ƙararta, bugu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kawu ya tsaya cak ya ce, "Wannan ai saƙa ce."

Muka yi sallama. Wani tsoho da hannayensa suka rine har gwiwar hannu ya ɗago, da ya ji sallamar sai fuskarsa ta sake, ya amsa ta cikakkiya, ya jawo mana kujera. A saman kanmu ga curin zaren siliki an rataya a kan gora suna bushewa, ja da ruwan ƙwai da kore. Wata mata tana zaune a masaƙa, ƙafafunta na taka itace, hannunta na jefa ƙoshiya. Zaren tsaye kalarsa daban, na kwance daban, shi ya sa in ka karkata yadin sai ya sauya launi, nan shuɗi, nan ruwan goro. Kawu bai jin yarensu, su ma ba sa jin namu, amma na fi rabin awa ina kallonsu suna magana da hannu. Ya murza yadin tsakanin yatsu, ya kai kunne ya saurari ƙararsa, ya ɗaga shi a haske yana duba ƙulle-ƙullen zaren da ke nuna aikin hannu ne. Tsohon ya gane da wa yake tare. Ya tsinko zare ɗaya ya ƙyasta ashana ya ƙona. Ya yi ƙaurin gashi, ya zama toka, ya murje a yatsa. Sai ya ɗauko wani ƙyalle na roba ya ƙona, ya narke ya dunƙule kamar ƙwallo. Kawu ya yi dariya ya gyaɗa kai, don shi ma haka yake gwadawa a shago. Ya ce in gaya wa tsohon mu ma muna da namu silikin na daji, tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Na faɗa iya yadda yarena ya kai.

Malam Edita, ga abin da ya taɓa mini rai. Daidai tsallaken ruwan akwai gidan wani Ba'amurke, Jim Thompson, wanda ya kafa kamfanin silikin Tailan a 1948. Masaƙan wannan unguwa ne suka riƙa yi masa saƙa har silikin ya yi suna a duniya. Shi ya ɓace a dajin Malesiya a 1967, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayansa kamfanin ya mayar da saƙarsa arewa maso gabashin ƙasar, sana'ar ta ja baya a Ban Khrua, yanzu gidajen da suka rage suna yi ba su da yawa. Gidan Baturen ya zama gidan tarihi, kullum 'yan yawon buɗe ido na layi suna biyan kuɗi. Waɗanda ke tsallako gada su ga hannun da ya yi aikin 'yan kaɗan ne. Duk da haka mutanen ba su tashi ba. Da aka so a ratsa babbar hanya ta tsakiyar unguwar, ta bi ta kusa da masallaci da maƙabartarsu, sun yi shekaru suna turjiya har aka bar musu wurinsu. Kawu ya sayi yadi uku a hannun tsohon, bai nemi ragi ba, abin da ban taɓa gani a wurinsa ba.

A masallacin unguwar muka yi Azahar. Muka ci abincin rana a wata rumfa, shinkafa rawaya da kaza wadda suke kira khao mok kai, da miyar ganye mai ɗan tsami a gefe. Kawu ya riƙa juya shinkafar yana mamaki. Shekara da shekaru muna cin 'yar Tailan a gida, wadda ake shigowa da ita ta Kwatano, ashe turararriya ce da suke sarrafawa don kasuwar waje. Abin da su suke ci a gidajensu daban ne, fara ce mai ƙamshi mai taushi, sai kuma wata mai danƙo da ake dunƙulawa da hannu.

Tun da na taɓo abinci bari in faɗi yadda muke yi mu mazauna. Gaskiya ne alade ya yi yawa a abincin titi, har man suyarsa ana amfani da shi, don haka ba kowace rumfa ake zama ba. Amma Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma a Bankok kaɗai masallatai sun haura ɗari. Ka nemi rumfar da ke da alamar jinjirin wata da tauraro, ko mai sayarwa da hijabi. Kayan gwangwani da na leda kuwa akwai tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar a jikinsu. Har cibiyar binciken halal ke akwai a Jami'ar Chulalongkorn, inda ake gwada abinci a ɗakin gwaji. Wanda ya san wannan ba zai kwana da yunwa ba, kuma ba zai ƙare kuɗinsa a layin Larabawa ba.

Da rana ta ɗan karya muka hau jirgin ƙasa na sama zuwa tashar Mo Chit, muka shiga Chatuchak. Kasuwa ce da ba ta cika sai Asabar da Lahadi. Rumfuna dubbai ne, an kasa su sashe-sashe da lamba, akwai hasumiyar agogo a tsakiya wadda in ka ɓace nan za ka nufa. Zafi kam ba a magana, ga cunkoso. Mun wuce sashen tukwane, mun wuce na tsirrai, na dabbobi ma ko leƙawa ba mu yi ba. Inda Kawu ya kafe shi ne wata rumfa da babu komai cikinta sai shuɗi.

Rinin baba ne, na hannu, daga lardin Sakon Nakhon. Tun kafin mai rumfar ta yi magana ya kai yadin hanci ya shinshina ya ce, "Wallahi baba ne." Abin da ya tsayar da shi ba rinin ba ne, don duk wanda ya tashi a Kano ya san marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta 1498 a ƙofarta. Abin da suka yi da rinin ne. Ba su tsaya ga zane da riga ba. Ga gyale siriri, ga jakar hannu, ga rigar matashin kai, ga hular rana, ga 'yar jakar saka waya. Kowanne an ɗinke bakinsa tsaf, an rataya masa ɗan kati mai sunan ƙauyen da aka yi shi da bayanin yadda za a wanke kada ya zuba. Mutum zai saya ya cusa a aljihun jaka ya kai tsaraba Faransa ko Japan. Tun 2001 gwamnatinsu ta fito da shirin da suke kira OTOP, wato kowace gunduma ta fitar da kaya ɗaya da ta ƙware a kai, a taimaka mata da inganci da kwali da kasuwa. Ba na cewa komai na shirin ya yi daidai, amma sakamakonsa ga shi a rumfa muna taɓawa da hannu.

Kawu ya daɗe shiru. Can ya ce, "Namu ya fi wannan kama jiki. Amma wa zai saya zane guda mai nauyi ya hau jirgi da shi?" Wannan ita ce maganar. Muna zuwa nan mu kwashi rigunan yara da wandunan roba kwantena-kwantena mu kai gida, ramukan karofinmu kuwa da yawa sun bushe, matasa sun gudu daga sana'ar don ba ta ciyar da su. Ba hannu muka rasa ba. Ɗan kasuwar da zai ga irin wannan jaka ya ɗauki samfur ya kai wa marini da tela ya ce ku yi mini ɗari, shi muka rasa, domin yana can Pratunam bai fito ba. Kawu ya sayi ɗaya-ɗaya daga kowane iri, ya ce da kansa zai kai Ƙofar Mata.

Ciniki a nan da na'urar lissafi ake yi. Mai kaya ta danna kuɗinta ta miƙo, kai ma ka danna naka ka mayar, kowa na murmushi. Abin da ba sa ɗauka shi ne ɗaga murya. Irin cinikinmu na gida da ake rantsuwa ana tafa hannu ana juya baya, su a wurinsu faɗa ne. Na sha ganin an hana ɗan uwanmu kaya da kuɗinsa a hannu, kawai don ya yi tsawa, shi kuma a zuciyarsa wasa yake yi.

Ƙarfe shida na yamma ta same mu a lambun da ke jikin kasuwar. Sai lasifika ta ɗauki taken ƙasa. Masu gudu suka tsaya, mai tura keke ya tsaya, yara suka daina tsalle. Kullum haka ake yi, takwas na safe da shida na yamma. Kawu ya dube ni, ya sauke ledarsa ya tsaya. Da aka gama ya ce, "In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura."

Lahadi ta kogi ce. Muka shiga jirgin ruwa mai tuta ruwan lemo daga tashar Sathorn, kuɗinsa bai kai bat 20 ba (bat shi ne kuɗin ƙasar), muka haura zuwa tsohon gari. Sarki Rama na Ɗaya ne ya mayar da wannan gefen babban birni a 1782, bayan Bama ta ƙone tsohuwar hedikwatarsu Ayutthaya a 1767. Fadar da ya gina tana nan, baƙo na biyan bat 500 ya shiga, kuma ba a barin mai gajeren wando ko buɗaɗɗiyar kafaɗa. Tun kafin mu isa ƙofa wani mai tsaf-tsaf ya tare mu da fara'a ya ce yau a rufe take, amma ga mai keke zai zaga da mu da kuɗi kaɗan. Ƙarya ce, tsohuwar damfara ce. Ƙarshen zagayen shagon duwatsu masu ƙyalli ne ko na tela, inda za a matsa maka ka saya. Duk wanda ya ce maka haka, ka gode masa ka wuce.

A Wat Pho, wurin bautar mabiya addinin Buda, na cika wa Kawu alkawarinsa. Ɗakin da mutum-mutumin Buda yake kwance, mai tsawon mita 46, shi bai shiga ba, ya zauna a inuwa yana jan carbi, kuma ba wanda ya kalle shi. Ni na leƙa a matsayin mai kallo, ban rusuna ba, ban jefa kwabo a kwanukan da aka jera ba, ba kuma wanda ya ce in yi. Kowa ya tambayi malaminsa ya tsaya inda ya natsu. Amma a farfajiyar akwai abin da Kawu ya taso ya gani da kansa: allunan dutse da aka manna a bango, an zana jikin mutum da jijiyoyinsa da wuraren da ake dannawa, da bayanin magunguna. Sarki Rama na Uku ne ya sa aka rubuta ilimin masu magani a dutse don kada ya mutu da masu shi, kowa ya zo ya karanta. Har yau akwai makarantar tausa a wurin, kuma a 2019 UNESCO ta sa tausar Tailan cikin kayan gadon duniya. Kawu ya ce ya tuna wani maɗori da aka yi a unguwarsu, wanda ya rasu ba wanda ya gaje shi.

Muka tsallaka kogin. Hasumiyar wurin bauta ta Wat Arun daga nesa kamar an yi mata ado da furanni, da ka matso sai ka ga fasassun tangaran ne na Sin aka jera ɗaya bayan ɗaya. Ba mu daɗe ba, don inda nake son kai shi yana gaba kaɗan. A bakin magudanar Bangkok Yai akwai masallacin Tonson, wanda ake ƙirgawa a matsayin mafi daɗewa a garin, tun zamanin Ayutthaya, kafin a gina fadar da muka baro. A bayansa maƙabarta ce mai tsofaffin itatuwa. Kawu ya tsaya ya yi wa mamatan addu'a, ya daɗe. Daga nan muka ƙarasa masallacin Bang Luang, wanda in ba a gaya maka ba ba za ka ce masallaci ba ne, don an gina shi da fasalin ginin ƙasar, farin bango da koren rufi mai tudu. Sai ka shiga ka ga mihirabi da ayoyi. A unguwar ɗaya ga cocin 'yan Fotugal, ga wurin bautar 'yan Sin, kowa na harkarsa.

Musulunci ba baƙo ba ne a nan. Tun farkon ƙarni na 17 wani attajiri daga Farisa, Shehu Ahmad, ya zauna a Ayutthaya har ya riƙe babban muƙami a fada. Sarautar shugaban Musulmi da ta faro daga gare shi, Chularajmontri, tana nan har yau. Ba kuma zan ɓoye ba, a lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat, inda Musulmi 'yan ƙabilar Malay suka fi yawa, rikici ya sake tashi tun 2004 kuma ya ci dubban rayuka. Wanda zai yi maganar Musulmin Tailan ya riƙe duka biyun.

Sauran 'yan abubuwa da nake so duk mai zuwa ya sani. Kada ka shafa kan kowa, ko yaro ne, kuma kada ka nuna mutum ko kaya da ƙafa. In sun haɗa tafin hannu sun gaishe ka, ni abin da nake yi shi ne in ɗora hannu a ƙirji in yi murmushi, ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Maganar sarki kuwa ka kama bakinka gaba ɗaya, a fili ko a Facebook. Sashe na 112 na dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, kuma bai ware baƙo ba. Ko takardar kuɗi ce iska ta ɗauka kada ka taka ta da ƙafa, hotonsa ne a jiki. Kwanan watan da ke kan rasit da jikin kaya na kalandarsu ne, wadda ta wuce ta Turawa da shekara 543, wato 2568 ita ce 2025. Na ga wanda ya kusa yin rigima da mai kaya kan wannan. Fasfo ya kasance a jikinka ko ina. Kuma don Allah, ko wane ne, ko yaren garinku yake yi, kada ka karɓi ƙunshin da ba ka buɗe da hannunka ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne, in za a taho a rukuni a tsara tafiyar ta haɗa da Asabar ɗaya, a sa Ban Khrua da Chatuchak a ciki, a kuma taho da wani daga cikin marina ko masaƙa ko dukawa, ko da karo-karo za a yi masa na kuɗin jirgi. Wanda ya iso kuma yana neman ɗan rakiya, ya zo Juma'a masallacin Haroon da ke Bang Rak, a layi na 36 na titin Charoen Krung. Can 'yan Afirka ta Yamma da dama suke sallah, har da masu harkar duwatsu. In an idar ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama da Hausa, ba zai rasa mai amsa masa ba.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Kano mazaunin Bankok, Tailan